Gidajen da Suka Daina Numfashi

Da ƙafa aka kawo rahoton, domin wayoyin garin duk sun mutu. Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Laraba ne, kwana na uku da dusar ƙanƙara ta karya turakun lantarki ta kuma rufe hanyar fita daga Villa Arrayán. Wani makiyayi ya leƙo caji ofis ya ce an tarar da Don Eleuterio Mansilla a mace a kan kujerarsa.

Sufeto Rigoberto Oyarzo ba ɗan garinmu ba ne. Ƙarar satar shanu ta kawo shi daga birni ranar Asabar, hanya ta rufe da shi. Amma shi ne babba a ofishin, saboda haka ya ajiye ƙoƙon mate ɗinsa, shayin ganyen da ake sha a can, ya kira Kofur Marlén Haro, wadda aka haifa a layin mamacin, suka fita.

Gidan Don Eleuterio yana cikin gidaje arba'in da shida da ofishin magajin gari ya gyara bara. An cusa wa bangon katako audugar gini, an sa tagogi masu gilashi biyu, an karɓe tsohon murhun itace an kai an murƙushe, an kawo sabo mai cin ƙwayoyin katako. Duk gidan da ya riƙe zafi yadda takarda ta ce, za a yafe masa harajin gida na shekara uku. Abin da ba a ɗaga murya aka faɗa ba ranar rabon takardu shi ne, sabon murhun ko tari ba ya yi sai da lantarki.

A bakin ƙofa suka tarar da wani dattijo mai tabarau, hula a hannu, yana share ido. Kofur ta raɗa wa Sufeto cewa Don Arístides Vidal ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, shugaban kwamitin unguwa. Shi ya riƙe 'yar mamacin ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre.

"Zuciyarsa ce, yallaɓai," in ji Don Arístides, ba a ma tambaye shi ba. "Ya jima yana kuka da ita."

"Likita ne kai?"

"A'a. Amininsa dai."

"To jira a waje."

Mamacin yana zaune da hular ulu da bargo a gwiwa. Kumatunsa jawur, kamar wanda ya kwana shan giya a gidan biki. Sufeto ya taɓa ganin irin wannan jan, a wani ɗakin haya a birni, kuma bai so ganinsa ba. Ruwa yana ta gangarowa a jikin gilashin tagogi.

Matarsa, Doña Clorinda, tana zaune a kusurwa ta dafe kai.

"Ina kika kwana, Doña Clorinda?"

"A ɗakin baya. Shekara talatin ke nan. Munsharinsa har kaji yake tayarwa."

"An gyara ɗakin bayan?"

"Aikin bai kai can ba. Iska tana shiga ta fita abinta."

"Wuta fa? Da me ya ji ɗumi?"

"Wace wuta? Ga murhun can, taɓa ka ji, firji ya fi shi zafi."

Sufeto ya sa ƙafa ya ja ɗan kafet ɗin da ke gaban kujerar. A ƙarƙashinsa akwai baƙin da'ira a kan sabon daɓen katako. Kofur ta zaga baya, ba ta yi minti uku ba ta dawo da kaskon gawayi a hannu.

"A akurkin kaji yake, an rufa masa buhu. Tokar ta narkar da ƙanƙara har ƙasa."

Tsohuwar ta kalli kaskon, ta kalli Kofur.

"Marlén, da hannuna na yi miki wanka kina jaririya."

"Na sani, inna. Faɗa masa gaskiya kawai."

"Sun ce duk wanda aka kama da gawayi a cikin gida za a ƙwace murhun a soke rangwamen. Na tashi na gan shi haka, kaina kamar zai tsage, ban san lokacin da na ɗauke kaskon ba." Ta nuna kaskon. "Uwata ta kwana da kasko. Kakata ma haka. Shekara hamsin da ɗaya ina hura masa shi. Me ya canza jiya?"

"Gidan ne ya canza, inna," in ji Kofur. "Da can idan iska ta taso kyandir ba ya tsayuwa a ɗakin nan."

Sufeto yana kallon sama. A kowane gidan da aka gyara, an bar kafar iska mai faɗin faranti can kusa da rufi, da raga ciki da raga waje. Ita ce hancin gidan. Ya hau kujera ya ƙyasta ashana a gabanta. A waje iska tana girgiza kwanon rufi, amma harshen wutar ya tsaya cak, ko karkata bai yi ba.

Suka ari tsani suka zaga waje. Kofur ta kwance kusoshi huɗu ta cire ragar. Ramin cike yake da kumfar gini, irin rawayar nan mai sandarewa. An yanke ta sumul da wuƙa, an kuma shafa mata baƙin fenti, yadda mai kallo daga ƙasa zai ɗauka duhun rami ne.

"Wannan ba aikin tsohuwa ba ne," in ji Sufeto. "Mayar da ragar. Kada ki faɗa wa kowa abin da muka gani."

Suka duba gidan da ke kusa. A toshe. Na uku ma a toshe. Na huɗu a buɗe, iska tana wucewa.

Sufeto ya sauko ya duba agogo. Goma saura.

"Yaushe wuta za ta dawo?"

"Rediyo ya ce Asabar, idan Allah ya yarda."

"Gida nawa ke da kasko a garin nan?"

Kofur ta yi 'yar dariyar da ba ta da daɗi. "Yallaɓai, tambayi gida nawa ne ba su da shi."

Ya gane. Ba wanda ya kashe Don Eleuterio kaɗai yake nema ba. Yana neman mutumin da ya san gidajen da aka toshe, kuma yana son samunsa kafin rana ta faɗi mutane su rufe ƙofofi su hura gawayi.

Kafintan da ya yi aikin gidajen, Nibaldo Cheuquel, ya kulle kansa a shagonsa. Maza kusan goma suna tsaye a waje, hannuwa a aljihu. Labari ya riga ya zaga cewa sabon gida ne ya shaƙe tsohon, kuma a gari irin namu idan aiki ya ɓaci, mai guduma ake fara nema.

"Kai ka huda kafofin iska?" Sufeto ya tambaye shi bayan sun shiga.

"Duka arba'in da shida. Ga shaida." Ya jawo fayil. Kowane gida da hotonsa, kowane hoto da hannun Nibaldo ya fito ta cikin ramin yana ɗaga babban yatsa. "Ba sa karɓar aiki sai da wannan."

"Kana aiki da kumfar gini?"

"A gefen tagogi. Kowa yana yi."

"Wa ya taɓa arar tsaninka?"

"Babu."

Kofur ta jingina da teburin aiki. "Nibaldo, benci ɗaya muka zauna a firamare. Idan ka yi ƙarya kunnenka yana ja. Duba shi yanzu, kamar tumatir."

"Sanyi ne."

"A watan Mayu na ga jan tsaninka jingine a bayan coci kwana da kwanaki. Ko tsanin ne ya je ikirarin zunubi?"

Nibaldo ya shafa kunnen. "Mako ɗaya na bayar. Kwamiti suka ce za su duba ragogi. A zauren unguwa na ajiye musu. Da na je ɗauka, kwalin kumfa ɗaya da na bari can ya ɓace."

"Kwamiti ba ya hawa tsani," in ji Sufeto. "Mutum ke hawa. Wane ne?"

"Ban gani ba."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Saura gida sittin a gyara baɗi, yallaɓai, kuma kwamiti ke zaɓen kafinta. Ina da 'ya'ya huɗu." Ya leƙa ta taga. "Waɗancan fa? Za su fasa min kai."

"Kaifafa kurfinka ka zauna. Zan buƙace ka."

A ofishin magajin gari mutum ɗaya suka samu, Yasna Paillán, mai kula da shirin gyaran gidaje. Tana sanye da kwat biyu da safar hannu, bayanta kuma ga allon yabo da aka ba garin a watan Yuni.

"Yaya ake sanin gida ya cancanci rangwame?"

"Muna rataya ma'aunin zafi a bango kwana goma. Idan ɗaki ya riƙe zafi, ya ci."

"Duka suka ci?"

"Duka. Mu ne na ɗaya a yankin nan."

"A karo ɗaya?"

Ta gyara zama. "A karo na biyu. A watan Afrilu kusan rabi sun faɗi, da ɗan kaɗan. Mutane suka yi ta kuka a nan. Aka nemi a sake awo a Mayu."

"Me aka gyara a tsakani?"

Ta buɗe aljihun tebur ta zaro takarda guda. "Takardar ta ce an yi gyare-gyare."

"Waɗanne?"

"Abin da ta ce ke nan."

"Wa ya je ya duba?"

"Ba a rubuta cewa a je a duba ba. Lamba ake so, lamba ta fito."

A ƙasan takardar akwai sa hannu mai lanƙwasa, irin na mutumin da ya shekara talatin yana buga hatimi. Arístides Vidal.

"Ba ni sunayen gidajen da suka faɗi a Afrilu."

Ta nuna kwamfuta da haɓa. "Suna ciki. Na takarda an aika babban ofis."

"Janareta fa?"

"Ɗaya ne, yana asibiti. Man da ya rage na na'urar numfashin wani yaro ne. Ka je ka roƙa, in za ka iya."

Bai je ba.

Ƙarfe biyu ta wuce suka iso gidan Don Arístides, wanda shi ma yana cikin waɗanda aka gyara. Sufeto bai buga ƙofa ba, ya zaga gefe. Dusar ƙanƙara ta daina zuba da asuba, ƙasa fari fes. A daidai ƙarƙashin kafar iska akwai ramuka huɗu na ƙafafun kujera, ga kuma ɓarɓashi rawaya ya warwatsu a saman ƙanƙarar, ko ɗigo ɗaya bai rufe shi ba. Ya tsinci guda. Gefe ɗaya baƙin fenti ne.

A ciki, matar gidan da jikarta suna lulluɓe da bargo guda, iska mai sanyi tana saukowa daga saman bango. Don Arístides ya kai su ɗakin girki ya rufe ƙofa.

"Me ka cire daga bangonka yau da safe?"

"Sheƙar tsuntsu ce. Ta toshe ragar."

Sufeto ya ajiye ɓarɓashin a kan tebur. "Wane tsuntsu ne yake fenti?"

Dattijon ya ƙura wa ɓarɓashin ido.

"Mutum biyu suka san abin da ke cikin bangon Don Eleuterio yau, ni da Kofur. Ba mu faɗa wa kowa ba. Kai kuma kana barin gidan gawa ka zo ka hau kujera da wuƙa. Wa ya gaya maka inda za ka duba?"

Don Arístides ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Da ya fara magana, muryarsa ta fito a daidaice, kamar mai karanta wasiƙar wani.

"Ba ka nan a Afrilu, yallaɓai. Ni na bi mutanen nan gida gida na sa su sa hannu. Ni na ce su ba da murhunsu na gado a murƙushe. Sai ga awo ya ce sun faɗi. Clorinda ta tare ni a gaban gidan burodi ta ce, Arístides, ka raba mu da wutarmu a banza. Na kwana ina tunani. An liƙe gida ko'ina, an kashe abin da aka kashe, sannan a bar rami kamar faranti? Na ce kwana goma ne kawai. A gama awo in cire."

"Me ya hana ka cirewa?"

"Ɗumi." Ya ɗago. "Mutane suka fara tare ni a hanya suna min godiya. Wata ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa cire kwat a cikin ɗaki ba sai bana. Compadre da bakinsa ya ce min gwiwarsa ta daina ciwo. Wa zai ɗauki tsani ya je ya buɗe wa mutum sanyi? Na ce sai bazara. Sabon murhun yana da bututunsa, hayaƙi ba ya zama a ɗaki. Ban ga laifi ba."

"Da wuta ta ɗauke fa?"

Ya ajiye tabarau a kan tebur.

"Jiya da yamma na kai masa rabin buhun gawayi. Nawa na raba biyu. Na ce, compadre, kada ka daskare mana." Ya dafa ƙirji. "Na rantse da Allah ban haɗa su ba. Kumfa abu ne na Mayu, na takarda. Gawayi abu ne na kullum. Sai da na ga fuskarsa yau."

"Ka ga fuskarsa ƙarfe takwas," in ji Kofur, a hankali. "Yanzu biyu da rabi. Ka buɗe naka. Na uwata fa, Don Arístides? Yana ciki?"

"Ina jin yana ciki."

"Kana jin?"

"Na ji tsoro, Marlén. Na zauna a nan ina ta cewa yanzu zan tashi."

Sufeto ya zaro littafinsa. "Gida nawa? Faɗo su."

"Ashirin da wani abu. Ko talatin. Na fara da waɗanda suka faɗi, daga baya na ƙara da na tsofaffi da masu jarirai, ko da sun ci. Na ga kamar alheri ne. Ban rubuta ba. Abu ne da ba a rubutawa."

Sufeto ya rufe littafin, babu ko layi ɗaya a ciki.

"Arístides Vidal, na kama ka bisa mutuwar Eleuterio Mansilla. Sauran bayani ka yi wa mai gabatar da ƙara idan hanya ta buɗe. Sa takalminka."

Bai sa masa ankwa ba, domin yana buƙatar hannunsa. Suka ɗauko Nibaldo da jan tsaninsa da kurfi biyu, suka fara daga kan layi. Don Arístides yakan tsaya gaban gida ya ce, "Nan, ina jin," ko ya ce, "Ban tuna ba." Ko wanne ya faɗa sai an hau an duba, gama daga ƙasa duk ramukan baƙaƙe ne. Kumfar ta sandare kamar ƙashi, ga sanyi ya kashe yatsu. Gida ɗaya yana cin kwatar awa.

Mazan da suka tsaya wa Nibaldo da safe suka biyo su. Da suka gane abin da ya faru, ba su taɓa dattijon ba. Wasu suka kawo tsani na biyu, wasu suka juya suka nufi gidajensu da sauri.

Da rana ta taɓa kan dutse, sun duba gida ashirin da bakwai, sha tara a toshe. Gidan uwar Kofur yana cikinsu. Sauran gidajen suna ƙetaren gada da kan tudu, inda ƙanƙara ta kai gwiwa. Sufeto ya aika Kofur da wasu maza biyu su buga kowace ƙofa su ce kada a kwana da kasko, in an hura a bar taga a buɗe.

Amsa ɗaya suke ta samu. "To da me za mu kwana?"

Sufeto ba shi da murhu da zai ba kowa, zauren unguwa ya fi gidajen sanyi, kuma babu dokar da ta ba shi ikon ƙwace wa tsohuwa gawayinta.

Gida na ƙarshe da haske ya bari aka hau shi ne na Doña Uberlinda Soto, gwauruwa mai riƙon jikoki uku. Ta fito bakin ƙofa ta tsaya da hannu a ƙugu. A bayanta kasko yana ta ja, yaran sun kewaye shi.

"Me kuke yi min a bango?"

"Muna buɗe wa gidan hanci, inna," in ji Nibaldo daga kan tsani.

"A wannan sanyin? Ƙaramin yana tari."

"Gawayi ne ya kashe Don Eleuterio," in ji Sufeto. "Gida a toshe, hayaƙin da ba a gani ya taru. Kin ji ni?"

"Eleuterio tsoho ne, yallaɓai, ga shi da shan taba." Ta juya wajen wanda aka kama. "Kai ma ka yarda a huda min gida, Don Arístides? Kai da ka gyara mana shi?"

"Ni na kashe shi, Uberlinda," in ji dattijon. "Bar ramin a buɗe. Domin Allah."

Ta dube shi kamar sanyi ya taɓa masa kai. Kumfar ta faɗo, iska ta kutsa ɗakin, ɗaya daga cikin yaran ya ja bargo ya rufe kai. Ta shiga ta turo ƙofa.

Sufeto ya kawo mota. A nan ya sa wa Don Arístides ankwa, ya dafa kansa ya shigar da shi kujerar baya. Ya tada injin, ya fara juyawa a hankali a kan ƙanƙara. Fitilar motar ta haska tagar Doña Uberlinda.

Tana tsaye a kan kujera, babbar jikarta ta riƙe mata ƙafafu, tana tura safar ulu cikin ragar da cokalin katako.

Don Arístides ma ya gani.

"Ka tsaya, yallaɓai."

Sufeto ya taka birki. Ya kalli tagar, ya kalli ƙetaren gada inda gidaje sha tara da ba a duba ba suka fara shiga duhu. Ya kashe motar, ya bar fursunan a ciki, ya koma ya sake buga mata ƙofa. Ba ta buɗe ba.